Murmushin Kafinta da Ƙaryar Fasa-Ƙwai

Akwai wani kafinta da yake da shago a bakin wani layi mai cunkoso, tsakanin mai faci da wata mata mai sayar da kwanuka. Mutum ne da bai cika magana ba. In ka kawo masa aiki zai auna, ya soke fensir a bayan kunne, ya faɗa maka ranar da za ka dawo, kuma in ka dawo za ka tarar an gama.

Surutun da Allah bai ba shi ba, sai ya tattara ya ba autarsa. Tun tana ƙarama aka laƙaba mata Rediyo, domin daga ta buɗe ido da safe bakinta ba ya hutawa. Yayyenta maza kan ce don Allah a nemo musu inda ake cire mata batir. In an tashi daga makaranta shagon babanta take wucewa, ta hau kan benci tana kaɗa ƙafa, ta ba shi labarin ajinsu kaf, shi kuma yana goge katako yana cewa "to" da "ikon Allah".

Wata safiya, bayan an kwana ana tafka ruwa, rufin wani aji a makarantar ya rufto kan yara suna tsaka da karatu. An ciro wasu da rai, wasu kuma sai gawa. Rediyo tana cikin waɗanda ba su tashi ba. Shekararta tara.

Kafinta bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya zauna a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, idonsa jajur. Ana cikin haka sai ƙanin matarsa, don ya ɗan sassauta masa, ya tuna masa ranar da aka kai Rediyo cire haƙori, ta ce wa likita ya yi sauri domin akwai maganar da ba ta ƙarasa ba. Kafinta ya yi murmushi, irin murmushin da yake zuwa kafin hawaye, sannan ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hannu.

Wani daga cikin masu gaisuwa ya ɗauki wurin a waya ya saka a intanet, ba da wani mugun nufi ba. Ku riƙe wannan, domin daga nan masifa ta biyu ta faro.

A layin nan akwai wani matashi da ya tashi a gidan da yake katanga ɗaya da na kafinta. Da can gyaran waya yake yi, sai ya gano cewa magana a gaban kyamara ta fi kawo riba. Ya buɗe shafi yana bidiyo a kan duk abin da ya faru a gari, kuma kowane bidiyo da "yau za mu fasa ƙwai" yake fara shi. Daga nan sunan ya bi shi, kowa Fasa-Ƙwai yake ce masa. Ya yi aure ya koma wata unguwa, amma mahaifiyarsa, wadda duk layin suke kira Inna, tana nan a gidanta.

A faɗi gaskiya, da farko ya yi abin kirki. Shi ne ya je makarantar ya murmushe bulo da yatsu a gaban kyamara, ya nuna wa duniya cewa yashi ne aka shafa wa siminti. Ya tambayi wa ya ba da izinin ginin, wa ya duba shi, ina suke. Maganarsa ta yi tasiri, har aka kama ɗan kwangilar da ya yi aikin. Kafinta da kansa ya ce Allah ya yi wa yaron nan albarka.

Amma labari kamar wuta ne, in babu itace sai ya mutu. Mutane suka koma kallon wasu abubuwan, masu shiga shafinsa suka ragu, masu ba shi talla suka fara ja da baya. Fasa-Ƙwai ya riga ya ɗanɗana daɗin suna, ba zai iya komawa teburin gyaran waya ba. Sai ya shiga neman abin da zai sake hura wutar.

Abin da ya samo shi ne murmushin kafinta.

Ya yanke bidiyon, ya cire inda mutumin ya rufe fuska, ya bar murmushin kaɗai yana maimaituwa. Ya zauna a gaban kyamara da fuskar tausayi ya ce:

"Jama'a, ni dai tambaya nake yi. Wane uba ne zai binne 'yarsa da safe, da rana ya zauna yana dariya? Ko dai akwai abin da ya sani wanda mu ba mu sani ba?"

Bidiyon ya bazu fiye da duk wanda ya taɓa yi. Da ya ga haka sai ya ƙara gishiri. Ya ce yana da majiya mai ƙarfi cewa babu yaron da ya mutu. Wai wata ƙungiya ce ta ƙasar waje ta kwashe yaran da yardar iyayensu, aka rushe ajin da gangan don a rufe sawu, kaburburan kuma babu kowa a cikinsu. Ya je ya ɗauki hoton injin yankan katako da yake shagon kafinta, injin da duk layin suka san yana nan tun kafin hatsarin, ya ce a tambayi inda talaka ya samu wannan. Ya haska allon shagon da kyau, yadda lambar wayar da take rubuce a jiki za ta karantu.

Ku duba wannan rashin imani. Mutumin da ya ɗauke ka a kafaɗa kana yaro, wanda ya gyara wa uwarka ƙofa ba sau ɗaya ba, shi za ka miƙa wa duniya ta yayyaga don a danna maka alamar so.

Wayar kafinta ta daina hutawa. Mutanen da bai taɓa gani ba suna kiransa suna zaginsa, wani ya ce masa mai sayar da 'ya, wani ya ce ya faɗi ƙasar da aka kai ta. Wani mai makaranta da ya ba shi aikin kujeru ya aiko a ce masa a dakata tukuna. Yayyen Rediyo suka dawo gida da riga a yage, sun yi dambe da wasu da suka ce musu a gaishe da ƙanwarsu in ta yi waya.

Matar kafinta ita ta fi shan wahala. Ranar da ta fara fita bayan rasuwar, ta je kasuwa sayen kayan miya, sai wata mata ta tsaya a gabanta ta ƙare mata kallo, ta ce ai ita ce ta cikin bidiyo, sannan ta tambaye ta ko da namiji ne da cinikin ya fi tsada. Kwandon ya suɓuce daga hannunta. Ba ta san yadda ta iso gida ba. Daga ranar ta daina fita, ta daina cin abinci sai an matsa mata, kuma ko kuka in za ta yi sai ta toshe baki da filo, wai kada wani ya ji ya ce na ƙarya ne.

Inna tana jin komai ta katanga. Ta kira ɗanta ta ce ya ji tsoron Allah ya goge abin nan. Ya yi dariya ya ce mata ba ta gane harkar zamani ba, kwana kaɗan za a manta. Ta ƙyale shi, domin ɗa ɗa ne, kuma kunya ta hana ta ko leƙa gidan maƙwabtan nata.

Kafinta ya zaɓi hanyar lalama. Ya ɗauki dattawa biyu na layin suka je har gidan Fasa-Ƙwai. Ya roƙe shi, ya ce in shi ya yi masa wani laifi ya yafe masa, amma ya dubi halin da uwar yarinyar take ciki. Fasa-Ƙwai ya durƙusa yana "to Baba, in sha Allah Baba", ashe ya jingina waya a bayan labule tana ɗauka.

Washegari sabon bidiyo ya fito, da rubutu ɓaro-ɓaro cewa an turo masa mutane har gida su rufe masa baki. Ya ce in wani abu ya same shi, jama'a sun san wanda za su kama.

Duk da haka kafinta ya ce a bar shi da Allah. Ƙanin matarsa ya so ya tara abokai su je su koya wa yaron hankali, kafinta ya hana, ya ce in suka taɓa shi sun gaskata ƙaryarsa ke nan.

Tura ta kai bango ne ranar da mai gadin maƙabarta ya zo shago a guje da rana tsaka. Ya ce wasu samari sun shigo da shebur da waya, suna neman kabarin 'yar kafinta, wai za su tona a gani a idon duniya. Sai da ya yi ihu mutane suka taru sannan suka gudu, amma sun riga sun taɓa ƙasar gefe ɗaya.

Kafinta ya je ya mayar da ƙasar da hannunsa. Da ya dawo gida ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce wa matarsa:

"Na yi haƙuri a kan kaina, na yi haƙuri a kanki. Amma ba zan yi haƙuri a tone ta ba. Gobe zan nemi lauya."

Lauyar da ya samu mace ce mai sanyin murya, wadda ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ta gaya masa shari'ar ɓata suna tana da tsawo, za a tone masa ciwo a gaban jama'a, kuma kafin abin ya yi sauƙi sai ya ƙara tsanani. Ya ce ya ji ya gani. Wasu iyayen da suka rasa 'ya'yansu, waɗanda su ma ake bi da zagi, suka ce a sa da su.

Da sammaci ya isa hannun Fasa-Ƙwai, murna ya yi. Ya ɗaga takardar a gaban kyamara ya ce ga shi nan, masu ƙarfi sun taso za su kashe 'yancin faɗar albarkacin baki, yau shi ne, gobe kowa. Mabiyansa suka buga riguna da hoton fuskarsa. Duk ranar zama sai sun cika harabar kotu, in kafinta ya zo wucewa su riƙa yi masa tari da shewa. Shi dai ya kan sunkuyar da kai ya shige.

An daɗe ana ɗage zama. Ranar da aka zo sauraro sosai, lauyan Fasa-Ƙwai ya tashi ya yi dogon bayani a kan 'yanci. Ya ce doka ta ba kowa damar tambaya, kuma wanda yake karewa ai tambaya kawai ya yi. Da ya ga alƙali bai girgiza ba sai ya sauya hanya. Ya ce shafin nan na nishaɗi ne, kuma babu wani mai cikakken hankali da zai kalli irin waɗannan bidiyoyin ya ɗauke su a matsayin gaskiya.

Masu riguna da suke zaune a baya suka fara kallon juna. Su ne fa ake cewa ba su da cikakken hankali, kuma gwanin nasu yana zaune bai musa ba.

Sai lauyar kafinta ta nemi Fasa-Ƙwai ya fito ya yi rantsuwa. Ta tambaye shi sunan ƙungiyar da ta kwashe yaran, ya ce ba zai fallasa majiyarsa ba. Ta tambaye shi ko ya taɓa zuwa asibitin da aka kai gawarwakin, ya ce bai samu lokaci ba. Ta tambaye shi ko ya taɓa tambayar mai gadin maƙabarta, ko malamar ajin da ta fito da karyayyen ƙugu, ya ce a'a.

"Ka ce tambaya kake yi," in ji ta. "To wa ka tambaya?"

Ya ce jama'a yake tambaya.

"Jama'ar da ba su nan lokacin da abin ya faru. Wanda yake neman amsa wajen wanda ya sani yake zuwa. Yanzu ina so ka dubi mutumin nan, ka gaya wa kotu bisa rantsuwar da ka yi: 'yarsa tana raye ko ta rasu?"

Bakin da yake iya awa guda yana zuba ba tare da ya sha ruwa ba, ranar ya kasa haɗa jimla ɗaya mai ma'ana. Ya ce shi ba zai iya tabbatarwa ba, komai yana iya yiwuwa.

Lauyar ta ce tana da shaida ɗaya da ta rage. Aka buɗe ƙofa, Inna ta shigo tana dogara sanda.

Babu wanda ya tilasta mata. Tun ranar da ta ji labarin maƙabarta ta kasa samun sukuni, har ta sa aka raka ta ofishin lauyar da ƙafarta. Fasa-Ƙwai ya miƙe tsaye ba tare da ya sani ba, sai da lauyansa ya ja masa riga.

Aka ba ta kujera. Ba ta dubi ɗanta ba, alƙali ta duba.

"Ranka ya daɗe, ni na yi wa yarinyar nan wanka. Da hannuna biyun nan. Uwarta ta kasa, ni na karɓa, domin a gabana aka haife ta. Na ga inda ginin ya same ta. Kuma da na fito, shi wannan yana tsakar gidana, na gaya masa abin da na gani, har ya ce Allah ya ji ƙanta. Ya sani. Tun ranar farko ya sani."

Alƙali ya tambaye ta ko ta san nauyin abin da take faɗa a kan ɗan cikinta. Ta ce ta sani, kuma gara ya ji kunya a nan da ya je ya ji ta inda babu lauya.

A nan ne matar kafinta, wadda take zaune a gefe tun safe kamar gunki, ta fashe da kuka mai sauti. Karo na farko ke nan da ta yi kukan 'yarta a gaban mutane ba ta toshe baki ba, kuma babu wanda ya ce mata ta yi shiru.

Ranar yanke hukunci alƙali ya yi magana a hankali, yadda kowa zai fahimta. Ya ce lokacin da wanda ake ƙara ya nuna ruɓaɓɓen bulo ya tambayi hukuma, ya yi amfani da 'yancinsa, kuma da a kan wannan aka kawo shi, kotun nan ce za ta fara tsaya masa. Kowa yana da damar sukar masu mulki, ya yi zargi inda akwai dalili, ya faɗi ra'ayin da ba a so.

"Amma babu dokar da ta ba mutum damar ya ƙirƙiri ƙarya yana sane, ya rataya ta a wuyan wani, ya nuna wa jama'a ƙofar shagonsa. Kuma sanya alamar tambaya a ƙarshen ƙazafi ba ya mayar da shi tambaya."

Ya umarce shi ya goge bidiyoyin duka, ya fito a shafin nasa da fuskarsa ya faɗi cewa ƙarya ya yi, sannan ya biya iyayen diyya mai nauyi. Kafin ya iya biya sai da motarsa ta tafi, kyamarori da fitilun da yake taƙama da su suka bi bayanta.

To amma hukuncin da ya fi masa zafi ba daga kotu ya fito ba.

Da ya saki bidiyon neman afuwa, mutanen da ya shafe watanni yana koya wa kada su yarda da kowa suka ƙi yarda da shi. Wasu suka ce an saye shi. Wasu suka ce dama can ɗan leƙen asirin ƙungiyar ne, an dasa shi ne don ya ɓata binciken. Wani yaro da yake cikin manyan masu yaɗa bidiyonsa ya buɗe nasa shafin, ya fara da tona asirin Fasa-Ƙwai, ya nuna gidan da yake haya da hoton matarsa. Aka yi ta jifan tagoginsu. Matarsa, da tsohon ciki, ta tattara kayanta ta koma gidan iyayenta. Mai gidan da yake haya ya ce ya tashi kafin a ƙona masa gini.

Ya je wurin 'yan sanda yana cewa ana yi masa ƙazafi, ana sa rayuwarsa cikin haɗari. Ɗan sandan da yake karɓar ƙorafi ya ɗago ya dube shi, ya ce ai shi ma ya taɓa jin wani yana cewa kowa yana da 'yancin tambaya. Duk da haka ya rubuta ƙorafin, domin doka ba ta zaɓar wanda za ta kare.

Ya rasa inda zai sa kansa sai ɗakin Inna. Ta buɗe masa ƙofa, ta ba shi abinci, amma ta ce ba zai zauna mata a gida yana raɓe-raɓe kamar ɓarawo ba alhali mutanen da ya zalunta suna bayan katanga.

Haka ya fito wata rana da la'asar ya nufi shagon kafinta. Mai faci ya ajiye tayar da take hannunsa, mai kwanuka ta leƙo. Kafinta yana buga ƙusa a ƙafar wani tebur, matarsa kuma tana zaune a ciki, domin ta fara fitowa tana taya shi zama.

Fasa-Ƙwai ya durƙusa a kan ɓawon katako. Ya zaro wayarsa ya ajiye a ƙasa, fuskarta a kife, don su ga ba ɗauka yake yi ba. Ya ce ya zo neman gafara, ya ɗanɗana abin da ya shayar da su, kuma bai san haka yake da ɗaci ba.

Kafinta bai daina aiki ba sai da ƙusar ta shige. Sannan ya ajiye guduma.

"Ka ɗanɗana zagi, gaskiya ne. Amma kai ana zaginka kana da 'yarka a cikin uwarta, tana motsi. Mu an zage mu muna da tamu a ƙasa. Kada ka ce ka ɗanɗana namu."

Fasa-Ƙwai ya sunkuyar da kai. Kafinta ya ce masa ko jiya wani ya kira shi daga wani gari mai nisa ya ce ya sayi alƙali. Ya ce bidiyon an goge, amma yana nan a wayoyin da ba su san adadinsu ba, kuma akwai mutanen da za su mutu suna ganin shi ya sayar da 'yarsa. Wannan ba kotu, ba kuka, ba durƙuso da zai dawo da shi.

Sai ya juya ya dubi matarsa, ya ce ita ta fi shi haƙƙi, ta faɗi abin da ta ga dama.

Ta dubi Fasa-Ƙwai. Da ta buɗe baki muryarta ba ta rawa.

"Albarkacin Inna, na yafe maka abin da ka yi mini. Shi ma na san zai yafe nasa, domin na san halinsa. Amma akwai ta ukunmu. Yarinya ce ba ta san komai ba, ta tafi makaranta da safe ba ta dawo ba, ka hana ta kwanciya lafiya, ka sa aka je da shebur a kanta. Wannan haƙƙin ba a hannunmu yake ba, ba mu da ikon yafe shi. Sai ka shirya abin da za ka gaya mata ranar da za ku haɗu."

Kafinta ya ɗauki gudumarsa ya jawo wata ƙusar. Fasa-Ƙwai ya daɗe a durƙushe kafin ya iya miƙewa, sannan ya bi tsawon layin nan har ya shige gidan uwarsa.

Darasi: 'Yancin magana ni'ima ce, da shi ake tambayar masu iko, da shi ake ƙwato haƙƙin marar ƙarfi. Amma iyakarsa tana nan daidai inda mutuncin wani ya fara. Wanda ya ƙirƙiri ƙarya a kan bayin Allah don a kalle shi, ya sani ranar biya tana zuwa, a kotun duniya ko a wadda ta fi ta. Kuma kada mu wanke kanmu: Fasa-Ƙwai bai kira kafinta ya zage shi ba, bai ɗauki shebur ba, masu kallo da masu turawa ne suka yi masa wannan aikin. Kafin yatsanka ya tura wani labari, tambayi kanka ko ka tabbatar, kuma wa zai kwana da ciwonsa. In labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura shi ga 'yan uwa da abokai, musamman wancan da ba ya barin komai ya kwana a wayarsa bai watsa ba.